GPS ɗin hannu a dajin farauta: ranar da kaina ya ce gabas, na'ura ta ce yamma

Wajen ƙarfe biyar da rabi na yamma na harbi barewar, ta yi tsalle ɗaya ta shige sarƙaƙiya, na san dai na same ta domin na ga yadda ta ɗingisa kafin ta ɓace. Duk wanda ya taɓa bin jini ya san yadda abin yake, kanka a sunkuye, idonka a ƙasa, ɗigo nan a kan ganye, ɗigo can a jikin ciyawa, sai ka rasa shi ka dawo baya ka zagaya ka sake samu, ka bi hagu ka bi dama, ba ka ma san sau nawa ka juya ba saboda hankalinka gaba ɗaya yana kan sawun. Na yi kusan minti 40 a haka kafin na iske ta kwance a gindin wata bishiya. Da na ɗaga kai sai na ga duk bishiyoyin nan iri ɗaya ne, rana ta shige cikin gajimare, babu inuwa balle in gane inda ta nufa, dutsen da nake ta hange tun safe shi ma duhuwa ta rufe shi.

A raina na tabbata mota tana hannun damana, da za a ce in rantse a lokacin zan rantse. Na ciro GPS daga aljihun gaban riga na zaɓi alamar da na sa da asuba a inda muka ajiye mota, sai kibiyar ta nuna bayana, ta rubuta kilomita 3.4. Na tsaya ina kallonta, zuciyata tana ce mini na'urar ce ta rikice. Wallahi wannan shi ne wuri mafi wuya a duk harkar nan, ka yarda da ɗan ƙaramin allo a kan abin da kanka yake gaya maka da ƙarfi, kuma mutanen da suke ɓata a daji da yawansu a daidai nan suke ɓata, suna da abin da zai nuna musu hanya a hannu amma sun ƙi yarda da shi. Na ciro kamfas na ƙarfe da nake ratayawa a wuya na duba, shi ma ya goyi bayan na'urar. Biyu sun haɗu a kan magana ɗaya, sai na saɓa barewar na juya na bi su.

Ban yi mita 600 ba sai ga kwazazzabo a gabana, mai zurfi, gefensa a tsaye, ga duhu ya fara, ga kaya a kafaɗa. Kibiyar tana nan tana nuna mini tsallake, domin ita miƙaƙƙen layi kawai ta sani daga inda kake zuwa inda ka ce mata, ba ruwanta da rami ko fadama ko rafin da ya cika. A nan ne na koma kan sawuna, wato layin da na'urar take ta zanawa tun safe a duk inda na taka, na ga ashe da safe ta can sama na tsallake inda kwazazzabon ya tsuke. Zagayen ya ƙara mini fiye da kilomita 1 amma hanyar lafiya a bi ta da shekara, na isa mota da tocila a hannu, abokin tafiyata har ya fara danna hon.

Tun daga ranar na daina kallon GPS a matsayin kayan ado na 'yan gayu, na kuma daina kallonta a matsayin abin da ya san daji. Inda kake tsaye take gaya maka, da inda ka taɓa tsayawa ka ce mata ta riƙe. Da ban danna maɓalli da asuba a gefen mota ba, da duk lambobin da za ta nuna mini da magariba ba su da wani amfani a gare ni, in san lambobin wurina a taswira, digiri kaza da minti kaza, to sai me, ina motar take?

Bari in ɗan yi bayanin yadda take aiki don wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa take kuskure a inda take kuskure. Tsarin GPS na Amurka ne, sojojinsu ne suka gina shi, an harba tauraron ɗan adam na farko a 1978, a 1995 aka ce tsarin ya cika da taurari 24, yanzu masu aiki sun kai wajen 30. Suna can sama kimanin kilomita 20,200, kowanne yana zagaya duniya sau 2 a rana, kowanne yana ɗauke da agogon atom, wato agogo mai tsananin daidaito, kuma aikinsa kullum ya riƙa watso saƙo cewa ni ne wane, ga inda nake, ga lokaci. Na'urar hannunka tana auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, tunda da gudun haske yake tafiya, kilomita 300,000 a sakan ɗaya, sai ta lissafa nisan da ke tsakaninku. Tana buƙatar taurari 4 aƙalla kafin ta fitar da wurinka da tsayinka daga teku, na huɗun don ta gyara nata agogon ne wanda bai kai nasu inganci ba. Abin da ya fi ba ni mamaki a ciki shi ne kuskuren kashi 1 cikin miliyan na sakan yana nufin kuskuren mita 300 a ƙasa, ku duba irin tsananin lissafin da ke cikin abin da bai fi tafin hannu ba.

Da can ma da gangan ake lalata siginal ɗin da farar hula suke samu, kuskure yakan kai mita 100, sai a watan Mayun 2000 shugaba Bill Clinton ya sa aka cire wannan, shi ya sa tsofaffin da suka gwada na'urorin farko irin Magellan NAV 1000 ta 1989 suke da labarin rashin daidaito da mu ba mu gani ba. Yau a fili, sama a buɗe, mita 3 zuwa 5 ne abin da za ka gani. Ga kuma na wasu ƙasashen sun shigo, GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai, BeiDou na Sin, na'urar da take karɓar fiye da ɗaya tana ganin taurari da yawa a lokaci guda, kuma a cikin kurmi ko ƙasan kwari wannan yana taimakawa ƙwarai.

Domin a can ɗin ne matsala take. Saƙon da ya taso daga nisan kilomita dubu ashirin yana isowa da rauni, ganye mai kauri yana rage shi, jiƙaƙƙen ganye ya fi, bangon dutse yana tare rabin sama sannan ya dawo da wani saƙon kamar amsa kuwwa, na'urar ta ɗauka tauraron ya fi nisa. Sai ka ga kana tsaye wuri ɗaya amma ɗigon da ke allo yana yawo. Jikinka ma yana tarewa, shi ya sa nake maƙala tawa a saman igiyar jaka wajen kafaɗa, eriya tana kallon sama, ba na jefa ta ƙasan jaka tare da wuƙa da gorar ruwa. Akwai lambar da take nunawa ta yadda take zaton kuskurenta, ni kafin in sa alama mai muhimmanci sai na jira ta sauko, in tana cewa mita 15 na ɗan matsa inda rassan suka buɗe na ba ta minti 1 ko 2. Mita 15 a fili ba komai ba ne, amma a cikin ciyawar da ta kai ƙirji da dare kana neman dabbar da ka rataye, sai ka zagaya ta sau uku ba ka gan ta ba.

Yanzu ga wuraren da nake sa alama, kuma a nan ne nake ganin duk amfanin na'urar yake. Mota ko sansani, kafin in taka ko'ina, kafin ma in ɗora harsashi. Inda na bar babbar hanya na shiga daji. Duk mashigin da na tsallake rafi ko kwazazzabo. Sai kuma guda biyu da mutane suke mantawa saboda zumuɗi, inda nake tsaye lokacin da na yi harbi, da inda na ga dabbar a karo na ƙarshe. In ka yi harbi jikinka yana rawa ka ruga gaba, bayan taku 50 ka waiwaya ba za ka iya nuna inda ka tsaya ba, kuma in jini ya ɓace maka babu inda za ka koma ka faro. Ni yanzu sai na danna alama a inda nake, na duba kamfas na ga ta wace fuska dabbar ta shige, sannan in tafi, in na samu ɗigon farko in sa masa alama, in na rasa sawu in sa wa ɗigon ƙarshe alama in riƙa zagaya shi ina faɗaɗa da'ira, layin da ke kan allo yana nuna mini inda na riga na duba da inda ban duba ba. Dabbar da ka raunata hakki ne a kanka ka same ta, kada ta je ta mutu a wahale a wani lungu, kuma ba ni da wani kayan aiki da ya taimake ni a kan wannan kamar sawun GPS.

Ku riƙa ba alamomin suna don Allah. Na'ura tana ba su lamba ne kawai, 001, 002, 003, bayan wata biyu kana da guda 80 ba ka san wanne ne mashaya wanne ne inda ka ga kashin dabba ba. Rubutu da 'yan maɓallan nan akwai cin rai, na sani, amma harafi huɗu ma ya isa, MOTA, RUWA, JINI, sai ka ƙara kwanan wata in ka dawo gida. Ina kwashe nawa zuwa kwamfuta a fayil ɗin GPX, shi ne kusan kowace na'ura da manhaja suke karantawa, in buɗe a kan hoton tauraron ɗan adam in ga tafiyata ta shekara guda a shimfiɗe. A haka na gane cewa wuraren da nake yawan cin karo da sawu sun jeru ne a kan layi ɗaya tsakanin wata mashaya da wata duhuwa, abin da ƙafata ta taka sau da yawa amma idona bai haɗa ba sai da na gan shi daga sama.

Sai maganar lambobi, wannan ta taɓa ɓata mana yini guda. Wani abokina ya karanto mini wurin da za mu haɗu ta waya, na shigar, na duba sai na ga na'ura tana cewa wurin yana da nisan fiye da kilomita 20 alhali na san bai wuce 5 ba. Ashe tasa tana rubuta digiri da minti, tawa tana rubuta digiri da ɗigo. Digiri ɗaya minti 60 ne, saboda haka minti 30 rabin digiri ne, wato 0.5, ni kuma na shigar da shi 0.30, bambancin 0.2 na digiri kenan, kuma digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, kun ga an samu kilomita 22 daga ɗan wannan. Da bambancin ƙarami ne da ban ma lura ba sai na je na tsaya ina jira a wurin da ba shi ba. Tun daga nan kafin mu rabu da safe sai mun haɗa na'urorinmu mun tabbatar tsarin rubutu ɗaya ne, kuma dukkanmu muna kan WGS 84, wanda shi ne ma'aunin da GPS take aiki da shi. In kana haɗawa da tsohuwar taswirar takarda ka duba gefenta ka ga a kan wane ma'auni aka zana ta, domin wasu tsofaffin suna iya kauce wa WGS 84 da mita 100 ko 200.

Wani abin da ke rikita sabon shiga shi ne kibiya. Ƙananan na'urori da yawa ba su da kamfas a ciki, daga motsinka suke gane inda ka fuskanta, in kana tsaye kibiyar ba ta da tabbas, kana juya na'urar ba ta juyawa, sai ka yi taku goma sha sannan ta daidaita. Mafarauci kuwa rabin tafiyarsa sanɗa ce da tsayuwa. Masu kamfas na lantarki, irin eTrex 32x ko jerin GPSMAP na kamfanin Garmin, suna nuna fuska ko kana tsaye, amma su ma suna son a saita su, musamman bayan canza batir, kuma ƙarfen bindiga yana jan su kamar yadda yake jan kowane kamfas, don haka ka nisanta su da bututu in za ka duba. Ka kuma san ko na'urarka tana ba ka arewa ta gaskiya ce ko arewar maganaɗisu, tunda akwai 'yar tazara tsakaninsu da ta danganta da inda kake a duniya, in za ka ɗauki lamba daga allo ka ɗora a kamfas ɗin hannu dole su zama iri ɗaya. Ni yadda nake yi da dare ma kenan, in karanta fuska da nisa, in kashe hasken allo, in bi kamfas, bayan mita 300 ko 400 in sake dubawa. Batir yana daɗewa, idona bai makance da haske ba, kaina kuma yana sama ina ganin abin da ke gabana.

Na san za a ce ai waya ma tana yi. Tana yi, gaskiya ne, GPS ɗin cikin waya ba ya buƙatar sabis ko data, abin da ke buƙatar data taswirar ce, in ka sauke ta tun a gida ka sa wayar a yanayin jirgi za ta kai ka. Ina amfani da ita don allonta ya fi girma, hoton daji ya fi fitowa. Amma ba na ɗora dawowata gida a kanta. Waya tana cinye caji wajen neman sabis ɗin da babu, allonta ba ya jin yatsa in ya jiƙe ko hannunka duk jini, faɗuwa ɗaya a kan dutse ta tashi aiki, kuma ita ce dai za ka so ta rage da caji in ka fito inda za ka kira gida. Na'urar hannu maɓalli gare ta, ana ganin allonta a tsakar rana, yawancinsu suna da alamar IPX7 wato suna jure ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30, kuma irin masu cin batir AA guda 2 suna kai wajen awa 25, in ya mutu ka zare ka sa wani a sakan goma. Ina tafiya da guda 4 na ajiya a cikin leda, a lokacin sanyi na litiyam nake sa domin na gama-gari yana saurin sanyi ya mutu, kuma akwai wurin da ake gaya wa na'urar irin batirin da aka sa mata, in ba ka gaya mata ba ma'aunin cajin ƙarya zai riƙa yi maka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabuwar na'ura, ko wadda ta daɗe a ajiye, ko wadda aka yi doguwar tafiya da ita a kashe, tana ɗaukar mintuna kafin ta kama taurari saboda sai ta sake sauke bayanin inda suke, cikakken jadawalin ma minti 12 da rabi yake ɗauka kafin ya gama saukowa. Ka kunna ta tun jiya a fili ka bar ta, ka goge tsohon sawu don kada na yau ya cakuɗe da na makon jiya, ka gwada sa alama da komawa kanta a wurin da ka sani har hannunka ya saba ba sai ka duba ba.

Akwai kuma abin da nake so kowa ya ji da kyau, GPS ta gama-gari karɓa kawai take yi, ba ta aikawa. Babu wanda yake ganin inda kake don kana riƙe da ita, in ka karye a ƙasan dutse za ta gaya maka daidai inda ka karye amma ba za ta gaya wa kowa ba. Masu aika saƙo daban suke, irin inReach da ke bi ta taurarin Iridium, su kuma sai da rajista da biyan kuɗi lokaci-lokaci, kuma wasu ƙasashen suna da doka a kan shiga da su. Saboda haka har yau kafin in fita sai na rubuta wa na gida inda za mu ajiye mota, da lambobinsa, da lokacin da in ban dawo ba a fara nema. Masu farauta da karnuka su ma suna da nasu, abin wuya mai GPS da ke turo wurin kare ta rediyo zuwa na'urar hannu, irin Astro da Alpha, shi ma tudu yana iya tare shi. Sannan iyaka, in kana farauta kusa da gandun da aka hana ko gonar da ba a ba ka izini ba, ka sa iyakar a na'ura amma ka bar tazara mai kyau, kuskuren mita 10 na na'ura da kuskuren taswira in suka haɗu za su iya tsallakar da kai, kuma lasisinka bai rufe wannan ba.

Dattijon da na koyi bin sawu a hannunsa ba ya riƙe GPS, kuma ban taɓa ganin ya ɓata ba. Abin da na lura da shi a tafiyarsa shi ne waiwaye, duk bayan ɗan lokaci sai ya juya ya kalli baya, ya ce daji fuska biyu gare shi, wadda kake gani in za ka da wadda za ka gani in za ka dawo. Na ɗauki wannan na haɗa da tawa, duk inda na tsaya sa alama sai na juya na kalli baya na riƙe wata bishiya ko suri ko dutse a kaina, don in batir ya mutu kada in zama ba ni da komai.

A fitarmu ta ƙarshe mun ci karo da wani ɗan idon ruwa a ƙarƙashin dutse, sawun gada da na zabi duk sun tattake gefensa, dattijon ya tsuguna ya daɗe yana duba su sannan ya ɗago ya ce, "Yaro, sa wannan a cikin abin naka." Na ce, "Baba, ai ku kun riƙe shi a ka." Ya ce shi ya riƙe, amma ƙafarsa ba lallai ta sake kawo shi nan ba, ni zan dawo. Na jira lambar ta sauko mita 4, na danna, na rubuta RUWA BABA, muka ɗauki kayanmu muka gangara.